Ranar da Yaya Ba Ta Ɗaure Tatsuniya Ba

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da kusan shekara goma. A Umdurman aka haife mu duka. Kakanninmu ne suka taso daga yamma da ƙafa da niyyar hajji, suka yada zango kusa da kogi, zangon ya zama gida. Mijin Yaya ya rasu tana da sauran ƙuruciya, 'ya'ya biyun da ta haifa ba wanda ya kai yaye, ta ƙi sake aure ta dawo gidan mahaifinmu. Da mahaifinmu ya rasu gidan ya dawo hannuna, na yi aure a cikinsa, ita kuma tana ɗakinta na kusa da ƙofa. Ni maƙeri ne, amma na gwangwani. Murhun gawayi nake ƙerawa, da mazurari, da jabana ta dafa gahawa, a layin maƙera na Kasuwar Umdurman.

Sana'ar Yaya gyaɗa ce. Tun da asuba take soya ta cikin yashi, ta kai bakin makarantar unguwa, kafin azahar ta dawo. Bayan an ci abinci sai ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rakuba, wato rumfar da ke tsakar gida, ta zube gyaɗar gobe, yaran gidanmu da na maƙwabta su kewaye ta suna ɓarewa. Ladansu tatsuniya ce. Da rana take yi musu, domin ita ana idar da isha take barci.

A wurinmu kuwa ba a tatsuniya da rana. Tsofaffi sun ce wanda ya yi ta, ko ya saurara, zai ɓata a kasuwa. Amma abin yana da makari, shi ne a ɗaure ta kafin a fara. Yaya takan zare silin kaba daga gefen tabarma, ta ƙulla shi, ta miƙe ta soke a rufin rakuba, ta ce, "Na ɗaure ki, ki zauna nan har mu gama." Sannan ta zauna ta fara. Shekara da shekaru tana haka, har rufin ya cika da ƙulle-ƙulle, sabo a kan tsoho.

Tatsuniyoyinta ba irin waɗanda aka saba ba ne, na dabbobin daji da sarakuna. Ita da mutanen gidanmu take yin nata. Takan fara da cewa wannan a gidan nan ya faru, ba a dai gaya muku ba ne. Wadda ta fi zama a kaina ita ce ta inuwar kakarmu. Ta ce ayarin su kaka ya kwana biyu ba ruwa a tsakiyar hamada, sai suka iso wata rijiya, suka tarar da wata tsohuwa zaune da guga a cinyarta. Tsohuwar ta ce ba ta sayar da ruwa, amma kowa zai bar mata ajiya, in ya dawo daga hajji ya karɓi abinsa. Wani ya bar sanda, wani ya bar takalmi. Kaka ba ta da komai sai ɗan da take goye, sai ta sunkuya ta cire inuwarta daga ƙafafunta, ta ninke ta huɗu kamar zane, ta miƙa. To kaka ba ta koma ta wannan hanya ba. Inuwar ta yi shekara arba'in tana jira a bakin rijiya, da ta gaji sai ta biyo sawu. Ba ta iya tafiya sai in akwai rana, ranar da hadari ya rufe sai ta kwanta a inda take. Ta iso Umdurman bayan an binne kaka da kwana uku, ta yi sallama a ƙofar gidan nan da wata tsohuwar Hausa da ba wanda ya gane sai mahaifinmu. Aka rasa yadda za a yi da ita, ga ta baƙuwa, ga ta uwa. Sai aka ba ta wuri a gindin randa. Ba ta cin komai sai tururin tuwo idan an buɗe tukunya. Ba ta damun kowa, sai dai duk wanda ya zo shan ruwa takan tambaye shi a hankali me ya bari ajiya.

In Yaya ta kawo nan sai ta yi shiru, ta yi ɗan tari, ta dubi yaran ta ce wa zai ɗebo mata ruwa. Ba mai motsi. In sun matsa mata da tambayar sai kuma me ya faru, takan ce ba abin da ya faru, tana nan.

Akwai ta turmin da mahaifiyarmu ta bari, wanda in amarya ta yi daka a cikinsa takan ji ana mayar mata da bugu daga ƙarƙashin ƙasa, in ta yi ha'inci a dakan bugun ya tsaya, sai ta gyara ya ci gaba. Akwai ta wani kawunmu marowaci, wanda duk ranar da ya ce wa baƙo ba wurin kwana sai gidansa ya ƙaru da ɗaki ɗaya, har ɗakunan suka yi yawa ya daina gane hanyar ƙofa, ana jin muryarsa yana kiran matarsa daga can ciki. Ba ta ɗaga murya, ba ta zare ido, hannunta bai daina ɓarar gyaɗa ba. Ba ta kuma taɓa ƙarewa da wa'azi. Na sha dawowa daga kasuwa da wuri in tsaya a bayan ƙofa ina saurare, da gemuna da komai, in na shiga kuma in kama kaina ina satar kallon gindin randa. Na zauna da malamai da 'yan kasuwa masu iya zance a garin nan, ban ga wanda ya kama ƙafarta ba, ita da ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Cikin yaran akwai 'yata, wadda ta fi kowa manne mata. 'Yar wabi ce. Uku muka binne kafin ita, duk ba su cika shekara ba, saboda haka mai ɗakina ba ta taɓa sakin jiki da ita ba. In yarinyar ta yi atishawa sai an nemo tazargade, in ta leƙa ƙofa sai an kira ta. Surukata, uwar mai ɗakina, wadda gidanta ke bayan namu, kullum faɗi take irin waɗannan yaran ƙafarsu ɗaya a nan take ɗaya a can, abu kaɗan ke sa su koma.

A lokacin ina neman in zama wani. A kasuwa mu 'yan asalin yamma an san mu da suna ɗaya, Fallata masu laya. 'Yan kasuwa kan tsokane ni su ce in rubuta musu ta jawo ciniki, in yi dariya alhali raina yana ƙuna. Na fara kai jabana wani babban shago, na fara zama a sahun gaba a masallaci, ina jin wa'azi a kan camfi da ƙulle-ƙulle. Wata Juma'a na dawo gida na ɗaga kai na ga rufin rakuba, sai na ji kunya ta kama ni kamar duk kasuwa na kallona. Na hau kujera na zare su duka, na zuba a murhu. Na ce wa Yaya tatsuniya ban hana ba, amma ɗaurin nan ba a gidana ba.

Ta dube ni ta dubi hayaƙin. Ta ce, "Gidanka ne yanzu, ƙanena, wannan gaskiya ne. Amma kai ma a ƙarƙashin ɗaurin nan ka girma, ban ga ya hana ka salla ba."

Washegari yara suka taru, ta kai hannu gefen tabarma kamar yadda ta saba, sai ta janye, ta fara tatsuniyarta haka nan. Mai ɗakina ta yi mini magana a ɗaki, ta ce ko a hana gaba ɗaya ko a bar ta ta ɗaure, na ce mata mace ba ta koya mini addini.

Kwana huɗu bayan haka, ana gab da babbar salla, na tafi da yarinyar kasuwa a zaɓa mata yadi a gwada ta wurin tela. Shekarunta takwas. Ban saba fita da ita ba, uwarta ce ba ta jin daɗi a ranar. Muka zaɓi yadin, na zaunar da ita a kan wani ɗaurin kaya a shagon mai yadin, na ce kada ta motsa sai na dawo, zan leƙa rumfata in ɗauko abu. A hanya mai babban shagon nan ya hango ni ya kira ni. Bai taɓa ce mini in zauna ba sai ranar. Ya sa aka kawo kujera, aka kawo gahawa da citta a cikin jabanar da ni na ƙera, ya nuna wa abokansa aikina yana yabo. Aka sha zagaye na farko, aka sha na biyu. Aka kira azahar muka tafi tare, aka dawo aka kawo kwanon ful, wato dafaffen wake da mai, ya ce sai na sa hannu. Da muka rabu kaina ya kumbura har ban san ta wace ƙofa na fita ba. Na hau mota ina maimaita maganganunsa a zuci, na sauka, na shiga gida da sallama.

Mai ɗakina tana kwance a kan gado a inuwa, uwarta na zaune kusa da ita. Ta ɗaga kai ta dubi bayana ta ce, "Ina yarinyar?"

Da na faɗi gaskiya a wannan lokacin, da zagi zan sha na kwana biyu a wuce wurin. Amma ga surukata tana kallona, ga matan maƙwabta biyu sun shigo aron turmi. Sai na ji bakina ya ce ta ɓace mini, na juya kawai ban gan ta ba, na zagaye kasuwa na gaji, na zo in duba ko wani ya kawo ta gida.

Ban tsaya jin kukan ba, na fita da gudu. Na sami yarinyar a inda na bar ta. Tana zaune a kan ɗaurin kayan nan, mai yadin ya saya mata shayi da burodi, tela da masu dako biyu sun tsaya a gabanta, tana ba su labarin kawun nan mai ɗakuna, rabi da Larabci rabi da Hausa. A hannunta akwai wani ƙyalle da ta tsinta a ƙasa ta ƙulla. Mai yadin ya ce mini yarinyar nan ko fitsari ta ƙi tashi ta yi, ta ce babanta ya ce kada ta motsa.

A cikin mota na saya mata halawa. Ban ce ta yi ƙarya ba. Cewa na yi, "Kin ɓata, amma ga shi Allah ya sa na gan ki." Ta dube ni ta daɗe, sannan ta mayar da kai kan halawarta.

Kafin mu iso gida an riga an yanke hukunci. Surukata ta tuna wa kowa cewa kwana huɗu ke nan ana tatsuniya da rana ba ɗauri, a gaban 'yar wabi. Mai ɗakina, wadda ba ta taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, ta ce mata don ita ba ta da ɗa a raye shi ya sa ba ta san zafin na wasu ba. Ba wanda ya ce ai maigidan ne ya hana ɗaurin. Ko sun tuna, sun ga ya fi sauƙi a ɗora wa wadda ba ta da miji. Na shigo riƙe da hannun yarinyar, uwarta ta rungume ta tana duba jikinta, aka yi ta godiya ga Allah, aka yi mini sannu da wahala.

Yaya tana tsaye a ƙofar ɗakinta. Tambaya ɗaya ta yi mini, ta ce a ina na same ta. Na ce wajen masu yadi. Ta ce, "Wajen masu yadi. To, alhamdu lillahi." Ta shiga ɗaki.

Daga ranar ba ta sake tatsuniya a gidan ba. Ita kaɗai take ɓarar gyaɗarta, yara su zo su tsaya su gaji su tafi. Mai ɗakina ta hana yarinyar zama kusa da ita. Ana gaisawa, ana miƙa mata kwanonta, amma ba a zama da ita. Ina ganin wannan duka, kullum in ce gobe zan gyara. Bayan salla da 'yan makonni ta ɗaure kayanta ta ce za ta koma unguwar Alshajara da ke hayin kogi, wurin ɗan ƙanwar mahaifiyarmu, wai leburorin garejin can sun fi cin gyaɗa. Ni na ɗaukar mata akwati har bakin titi. Na ce ta riƙa zuwa, ta ce in Allah ya yarda.

Haka muka yi shekara ashirin da wani abu. Duk salla nakan tsallaka gada in gaishe ta, in kai mata sukari da ganyen shayi, mu yi zancen tsadar gawayi da wanda ya rasu. Mai ɗakina ba ta taɓa raka ni ba. In an ambaci Yaya a taron mata takan ce Allah ya shirye ta, ita ce ta kusa salwantar mata da 'ya. Maganar ta bi unguwa ta zauna, har matan da ba su taɓa ganinta ba sun san ta da haka. Babban shagon da na yi wannan duka dominsa ya daina karɓar kayana tun da daɗewa, da aka fara shigo da na kamfani.

Yarinyar ta girma, ta yi aure, ta haihu. Larabci ya fi yawa a bakinta yanzu, kamar sauran tsararrakinta. Wata rana ta zo gida da ɗanta, na ce zan tafi da shi masallaci. Tana gyara masa hula, ba ta ko dube ni ba, ta ce da Larabci, "Baba, in an kira ka shan gahawa ka tafi da shi." Ta yi murmushi. Uwarta tana wurin ba ta gane komai ba. Ni kuwa sallar da na yi a ranar ban san me na karanta ba.

A makon ne aka aiko cewa Yaya ta faɗi a banɗaki, ƙafa ta ƙi, ido ma ya yi rauni. Na kama hanya da hantsi, na canza mota a Suk al-Shabi, na isa bayan azahar. Na tarar an fito da ita kan gado a inuwar katanga, yara sun fi goma a zaune a ƙasa. Yawancinsu 'ya'yan mutanen da suka gudo daga ƙauyuka ne suka kafa bukkoki a bayan gareji, ba su jin Hausa ko kaɗan. Da Larabcinta na kasuwa take ba su, in ta zo wurin da aljani ko mamaci zai yi magana sai ta koma Hausa, su kuma su ƙara matsowa. Labarin wata mata take yi wadda mijinta ya rasu amma duk Alhamis yakan aiko da jallabiyarsa a wanke masa. Matar ta wanke ta shanya, da yamma a nemi riga a rasa. Kowane mako rigar na ƙanƙancewa, daga ta babba ta koma ta saurayi, ta koma ta yaro, har ranar da aka aiko da 'yar rigar jariri, matar ta wanke ta shanya, ta zauna ta rasa ko kuka za ta yi ko guɗa. Wata yarinya ta tambaya mako na gaba me aka aiko. Yaya ta ce ba a aiko komai ba, amma maƙwabciyar matar ta haihu a ranar. Sannan ta ce su tashi, ta ji takun maƙeri.

Na zauna a bakin gadon. Na gaishe ta, na tambayi ƙafa, na tambayi ido, na tambayi masu gida ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in na gama ƙidayar mutanen gidan in faɗi abin da ya kawo ni, don ba salla ake ba. Sai na faɗa mata. Na fara daga kujerar da aka kawo mini har zuwa halawar cikin mota, ban rage komai ba.

Ta ce ta sani. Yarinyar ta gaya mata tun washegari, a bayan randa, tana tambayarta ko mutum yana ɓata alhali yana zaune wuri ɗaya. Ko ba don haka ba ma, in ji ta, wanda ya zagaye kasuwa yana neman 'yarsa ba ya dawowa yana warin man ful.

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce, "In faɗa wa wa? In tsaya a gaban surukarka in ce ƙanena maƙaryaci ne? Ni na goye ka."

Sai na tambaye ta abin da ya daɗe yana damuna, ko ta sa ni a tatsuniya, tunda ba wanda ta bari a danginmu. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce ta gwada sau biyu, abin bai yi daɗi ba. Mutumin da ya manta 'yarsa saboda gahawa, wane yaro ne zai ji tsoronsa?

Na ce ta yafe mini. Ta shafa gwiwarta. Sannan ta ce, "Nawa na yafe tun a motar da ta kawo ni nan. Na samu yara a nan fiye da na gidanka, ba wanda ya hana ni komai. Amma matarka fa? Shekara ashirin tana ɗauke da hakkina ba ta sani ba. Mace ce mai tsoron Allah, kai ka sa ta zalunci mutum. Ka je ka sauke mata, tun muna da rai mu biyu."

Wannan ya fi mini wuya fiye da zuwa Alshajara. Na kwana uku ina kewaye maganar. A rana ta huɗu da safe na sami mai ɗakina tana yin kisra, wato fallen wainar dawa, a bakin murhu, na jawo kujera na zauna, abin da ban saba ba. Ta ce lafiya. Na ce mata yarinyar ba ta ɓata ba a ranar nan, ni na manta da ita, kuma Yaya umarnina ta bi da ta bar ɗauri. Ba ta ɗago ba. Ta shafa ƙullu a kan kasko, ta bar shi har ya ƙone, ta kankare, ta shafa wani. Ta tambaye ni ko Yaya ta sani, na ce tun washegari. Ta tambaya ko yarinyar ta tuna, na ce ta tuna. Ta ce, "Wato ni kaɗai ce jaka a gidan nan." Ta kashe wutar alhali da sauran ƙullu a kwano, ta shiga ɗaki ta yafa tob ɗinta, wato lafayar fita, ta fito ta ce in tashi in raka ta, ba ta san hanya ba.

Muka kama hanya har Alshajara. A ƙofar gidan ta juyo ta ce, "Malam, kai a nan za ka tsaya." Na zauna wurin wata mai shayi a gefen gareji, ina jin ƙarar guduma da injin walda, daga hantsi har la'asar. Sau ɗaya na ji kamar kuka daga cikin gidan, can kuma na ji dariyar Yaya. Abin da suka faɗa wa juna ba wadda ta gaya mini, ban kuma tambaya ba. Da la'asar aka aiko mini in koma gida ni kaɗai, in turo wa mai ɗakina kayan sawa.

Ta so ta dawo da Yaya Umdurman, Yaya ta ƙi, ta ce ba ta barin yaranta. Sai mai ɗakina ta zauna can tana jinyarta, ta yi mata wanka, ta dama mata kunu, ta zo gida kwana biyu ta koma. Wata bakwai suka yi a haka. Da ajalin Yaya ya zo, ita ta rufe mata ido, ita ta yi mata wanka na ƙarshe.

A gidanmu aka yi zaman makoki. Maza muna waje a kan tabarmi, mata suna ciki, katanga ce kawai a tsakani. A rana ta biyu, da gidan ya cika, na ji mai ɗakina ta ce a yi shiru tana da magana. Ta ce duk wadda ta taɓa jin ta ce marigayiya ta kusa salwantar mata da 'ya, to ƙarya aka gaya mata ita ma ta yaɗa, kuma ta roƙi kowace ta kai wannan gyaran duk inda ta kai wancan. Wata tsohuwa ta tambaya wa ya yi ƙaryar. Ta ce mai ƙaryar yana waje yana karɓar gaisuwa.

Mazan da ke kusa da katanga sun ji. Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya fara jan carbi da ƙarfi. Limamin unguwa, wanda ke gefena, ya matso ya tambaye ni a hankali ko in shiga in tsawatar. Na ce masa a'a, gaskiya ta faɗa, na kuma ɗaga murya yadda na ciki za su ji na ce ni ne.